Yara, guje-guje da lafiyar zuciya: tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi min

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, shekara da shekaru ina ɗaukar darasin motsa jiki da kiwon lafiya, wanda mu da yaran duk muke ce wa PHE. Tun da na fara fitar da 'yan aji uku da aji huɗu waje ina sa su lalubo bugun zuciyarsu da hannunsu, tambayoyi suka yi min yawa, wasu daga iyaye a bakin get, wasu daga abokan aiki, wasu kuma a WhatsApp cikin dare. Shi ne na ce bari in tattara su wuri guda in amsa, wanda ya ga amfani ya ɗauka ya ƙara da nasa. Ni ba likita ba ne, don haka duk inda magana ta kai ga ciwo za ku ga na ce a je asibiti, kuma da gaske nake yi.

Malam, yaro ɗan shekara bakwai me ya haɗa shi da maganar zuciya? Ba ciwon manya ba ne?

Ciwon a jikin manya ya fi fitowa, wannan gaskiya ne, amma ba ranar da ya fito ya fara ba. Hawan jinin da ya kwantar da mutum yana da shekara hamsin, ko shanyewar ɓarin jiki da muke gani a kusan kowace unguwa, a hankali suke taruwa, kuma kitsen da ke liƙewa a bangon jijiyoyin jini yana iya fara taruwa tun mutum yana yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kashe mutane a duniya, a 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 17.9 suka rasu ta dalilinsu, kusan ɗaya cikin uku na duk waɗanda suka rasu a shekarar kenan. Toh icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magidancin da bai saba ba, ka ce ya fita tattaki kullum da asuba, sati biyu zai yi ya bari, amma yaro guje-guje a jininsa yake, abin da ya rage mana shi ne kar mu kashe masa shi, kuma mu sa ya san amfanin abin da yake yi.

Ta ina ake farawa? Ni idan na zana zuciya a allo kallona kawai suke yi.

Kar ka fara da allo, wannan shi ne babban abin da nake so duk wanda ya karanta rubutun nan ya ɗauka. Yaro zai haddace maka cewa zuciya tana da ɗakuna huɗu, ya rubuta a jarrabawa ya ci, a yi hutu ya manta. Amma ranar da ya ɗora yatsa a wuyan hannunsa ya ji abu yana motsi da kansa, ya yi tsalle na minti ɗaya ya sake ɗorawa ya ji abin ya koma lugude, wallahi wannan ba ya mantawa, har gida zai je ya kama hannun kakarsa yana nema.

Ni yadda nake yi, da farko sai in ce kowa ya dunƙule hannu ya ɗaga, in ce toh kun ga girman zuciyarku kenan, kowa tasa kusan daidai da dunƙulen hannunsa. Sai su ɗora a tsakiyar ƙirji su ɗan karkata hagu kaɗan. Sai in ce a buɗe a rufe, a buɗe a rufe, ba tsayawa har minti ɗaya. Kafin minti ya cika za ka ga an fara yarfe hannu ana cewa Malam mun gaji, a nan nake ce musu zuciyarku tun kuna cikin iyayenku mata take wannan aikin, kuna barci tana yi, kuna cin tuwo tana yi, ba ta taɓa neman hutu ba.

Akwai kuma wani abu da sai malamin da ke koyarwa da Hausa zai ci karo da shi. Kalmar zuciya a wurinmu tana da fuska da yawa, ana cewa wane yana da zuciya wato saurin fushi, ana cewa zuciyarsa ta mutu, ana cewa ya yi zuciya ya tafi. Wata yarinya ta taɓa tambayata ko wanda zuciyarsa ta mutu binne shi ake yi, kuma tsakaninta da Allah take tambaya. Don haka tun ranar farko nake raba musu, in ce yau tsokar da ke cikin ƙirji muke magana, naman da ke harba jini. Yaran da ke zuwa Islamiyya da yawa sun ji hadisin da ke cewa a cikin jiki akwai wata tsoka, idan ta gyaru duk jiki ya gyaru, ita ce zuciya, kuma duk da cewa hadisin gyaran hali da imani yake nufi, kalmar tsoka ɗin nan tana taimaka musu su riƙe.

Yaya ake lalubo bugun a hannun yaro? Na gwada ban ji komai ba.

Yaro ya buɗe tafin hannunsa yana kallon sama, ya sa yatsu biyu na ɗaya hannun, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannu ta ɓangaren babban yatsa, akwai ɗan kwarmi tsakanin ƙashi da jijiya, nan ne wurin. Kar ya danna da ƙarfi don idan ya danna sosai bugun ɓacewa yake yi, kuma kar a yi amfani da babban yatsa saboda shi ma yana da nasa bugun, sai ya rikita lissafi. Wanda ya kasa ji a hannu ya gwada gefen wuya ƙarƙashin muƙamuƙi, amma gefe ɗaya tak kuma a hankali, ina jaddada wannan don yara suna iya shaƙe juna da sunan wasa.

Idan an kasa ji a zaune, ka sa su yi tsalle sau talatin tukuna, bugun zai fito fili, da zarar yatsa ya san wurin shikenan.

Ƙirgawa kuma, kai ne mai agogo. Ka ce a fara, su ƙirga a zuci, bayan daƙiƙa 30 ka ce a tsaya, kowa ya ninka nasa biyu. 'Yan aji biyar da shida suna iya yin daƙiƙa 15 su ninka huɗu. Sau uku muke yi, a zaune, sai bayan gudu ko tsalle na minti biyu, sai kuma bayan an huta minti uku, kowa ya rubuta lambobinsa uku a littafi. Ranar farko za ka ji wani ya ce 12 wani ya ce 300, kar ka yi faɗa, zuwa sati na uku za ka ga sun daidaita.

Idan kana so su ji ƙarar da kunnensu, a naɗe kwali ko takarda mai kauri kamar bututu, a ɗora baki ɗaya a ƙirjin yaro, ɗan uwansa ya kara kunne a ɗaya bakin, maza da maza, mata da mata. Abin nan da likita ke ratayawa a wuya ma haka ya samo asali, wani likitan Faransa mai suna René Laennec ne a 1816 ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin mara lafiya. Ƙarar da ake ji sau biyu-biyu ɗin nan, 'yan ƙofofin cikin zuciya ne suke rufewa don kar jini ya koma baya.

Bugu nawa ne daidai a minti ɗaya?

Babban mutum idan yana zaune a natse tsakanin 60 da 100 ne. Yaran firamare nasu ya fi sauri, galibi daga wajen 70 zuwa 110, na jariri kuma ya fi haka ma, yakan wuce 120 lafiyarsa ƙalau. Zazzaɓi, tsoro, kuka da ƙishirwa duk suna ɗaga shi. Kar dai a mayar da abin gasa, a ce mai ƙaramar lamba shi ne gwani, kowane yaro da kansa ake gwada shi.

Ga lissafi mai daɗi ga 'yan manyan aji: yaron da zuciyarsa ke bugawa 90 a minti, a awa ɗaya 5,400 kenan, a kwana ɗaya 129,600. Su da kansu nake bari su ninka, idan amsar ta fito za ka ji ajin ya ɗauki salati.

Idan yaro ya ce me ya sa take ƙara sauri in na yi gudu, me zan ce masa?

Ka kai shi bakin famfon tuƙa-tuƙa, ko ka tuna masa da shi. Idan mutum ɗaya ne ya zo da kofi, a hankali ake tuƙawa, idan kuwa layin jarkoki ne ya taru dole mai tuƙi ya ƙara hannu. Naman ƙafafu idan ana gudu suna neman iskar oksijin da abinci fiye da kullum, jini ne ke ɗauko musu, zuciya kuma ita ce famfon. Shi ya sa haki da bugun zuciya tare suke tashi, huhu yana jawo iska, zuciya tana rabawa. Babban mutum a zaune zuciyarsa tana harba jini wajen lita 5 a minti ɗaya, idan yana gudu sosai abin yakan kai lita 20 ko fiye, wato jarka guda ta 'yan garuwa a kowane minti. Wannan misalin jarkar yana shiga kan yara fiye da duk wani zane da na taɓa yi.

'Yan aji shida nakan ƙara musu da cewa ɓangaren dama na zuciya huhu yake tura jini ya ɗebo iska, ɓangaren hagu kuma shi ke tura shi ko'ina a jiki. Kuma ina gaya musu cewa wani likita Musulmi, Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa jini ta huhu yake bi ya tsallaka daga dama zuwa hagu, shekaru ɗaruruwa kafin William Harvey na Ingila ya bayyana zagayawar jini gaba ɗaya a 1628. Ina so yaranmu su san ilimin nan ba na wasu mutane ne su kaɗai ba.

Toh idan ana yawan sa ta bugu da sauri ba za ta gaji ta lalace da wuri ba, kamar inji?

Wani dattijo mai gyaran janareto ne ya fara yi min wannan tambayar, kuma tambaya ce mai ma'ana. Bambancin shi ne inji ƙarfe ne, aiki cinye shi yake yi, ita kuwa zuciya tsoka ce, aiki ƙara mata ƙarfi yake yi, kamar dai damtsen maƙeri ko na mai faskare. Idan ta yi ƙarfi, bugu ɗaya yana tura jini mai yawa, sai ya zama ba ta buƙatar yawan bugawa idan mutum yana hutawa. Masu tseren dogon zango akwai waɗanda nasu a zaune yake sauka ƙasa da 50.

Mu ɗauki misali mu lissafa. Mutumin da ba ya motsa jiki, a ce nasa 80 ne a minti, a kwana ya yi 115,200. Wanda ya saba motsa jiki, a ce nasa 60 ne, awa 23 ya yi 82,800, sai awa ɗayan da yake gudu a ce 140 a minti, 8,400 kenan, jimla 91,200. Kun ga duk da gudun, zuciyarsa ta fi ta ɗayan samun sauƙi. Ban da haka motsa jiki yana taimakawa wajen sauke hawan jini, yana sa jiki ya iya sarrafa sukari, yana hana ƙiba ta wuce kima.

Wai akwai hujja, ko dai faɗa kawai ake yi?

Akwai, kuma labarin da na fi son ba yara shi ne na motocin bas na Landan masu hawa biyu. Wani likita mai suna Jerry Morris ya bi diddigin ma'aikatan motocin, direbobi da kwandastoci, ya fitar da sakamako a 1953. Direba wuni yake a zaune, kwandasta kuwa wuni yake hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi, mota ɗaya, titi ɗaya, amma aka tarar kwandastocin ba su kai direbobin kamuwa da ciwon zuciya ba. Daga nan aka ci gaba da bincike a ƙasashe da yawa har maganar ta tabbata. Idan na ba da labarin nan sai in jera benci, wani ya zama direba wani kwandasta mai hawa da sauka, bayan minti biyu mu auna bugun kowa.

Minti nawa ya kamata yaro ya yi a rana?

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu minti 60 a kowace rana na motsin da ke ɗaga numfashi, sannan aƙalla kwana uku a sati a haɗa da mai ƙarfi sosai da wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi, irin su tsalle da hawa. Ba dole sai a jere ba, minti goma nan, ashirin can, duk ana tarawa. Yadda nake koya wa yara su gane: in kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, motsin matsakaici ne, in kuwa kalma biyu uku kake yi sai ka ja numfashi, ka shiga mai ƙarfi.

Makarantarmu ba fili, ba ƙwallo, aji ɗaya yara sun fi ɗari. Ya za mu yi?

Na san wannan halin, na koyar a cikinsa. Amma ku tuna mu da muka taso, wa ya saya mana kayan wasa? Langa kaɗai ta isa, yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗaya, yana ture abokin hamayya yana kare ruwa har ya kai masha, ku auna bugun yaro bayan langa ta minti biyar ku gani. Ga 'yar gala-gala da gawayi ko tsinke kawai ake zana ta a ƙasa, ga tsallen igiya, ga wasan ɓuya, ga gare da tsohuwar taya, ga tsere, ga gaɗa irin su carman dudu da 'yan mata ke yi da tafi da tsalle har su jiƙe da gumi. Ƙwallon tsumma ma ƙwallo ce. Abin da ke damuna shi ne yara da yawa a birni yanzu ba su ma san dokokin langa ba, sai na koya musu, gidaje sun zama a rufe, dandali ya mutu, filin unguwa an yanka an gina shaguna.

In yara sun yi yawa a raba su gida huɗu, kowane gida da babban yaro ko yarinya mai kula, a riƙa juyawa. In ba fili ko kaɗan, a cikin aji ma ana yi, kowa ya tsaya a bakin bencinsa, gudu a tsaye minti ɗaya, tsalle ashirin, a miƙa hannu sama a taɓo ƙasa, a zauna a ci gaba da darasi. A garin Stirling na ƙasar Sikotilan wata hedimistires mai suna Elaine Wyllie ta fara wani tsari a 2012, kullum a fitar da yara minti 15 su zagaya harabar makaranta da gudu ko sassarfa, da yunifom ɗinsu, ba kayan wasa ba gasa, kuma tsarin ya bazu zuwa makarantu a ƙasashe da dama. Ba abin da zai hana mu yin irinsa bayan asambuli tun rana ba ta yi zafi ba.

Ɗana da ƙafa yake zuwa makaranta, ya dawo ya ɗebo ruwa ya je gona. Shi ma sai ya yi?

Wannan ya riga ya samu kaso mai yawa, zuciya ba ta bambance gudun fili da tafiyar rafi. Irin wannan yaron abin da ya fi buƙata shi ne ya ci ya ƙoshi, ya sha ruwa, ya samu barci, don yaran firamare awa 9 zuwa 12 ya kamata su yi. A kula kuma da kaya mai nauyi da ya fi ƙarfinsa. Amma a bar shi ya yi wasa da sa'o'insa, wasa yana da nasa amfanin da aike ba ya bayarwa.

'Yan mata fa? Ni ba na son 'yata tana tsalle-tsalle a gaban maza.

Na fahimci damuwar, kuma ba na jayayya da iyaye a kan tarbiyyar 'ya'yansu. Abin da nake roƙo shi ne kar maganin ya zama hana ta motsi gaba ɗaya, don zuciyar mace ma zuciya ce, hawan jini kuma ba ya tsallake mata. Wani babban bincike da aka fitar a 2019 a kan ɗalibai 'yan shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin ɗari ba sa samun motsin da ya kamata, a maza kashi 78, a mata kashi 85. A wurinmu kowa ya san da yarinya ta fara tasawa ake ce mata ki natsu ki zauna.

Mafita tana da sauƙi, a ware musu gefensu, malama mace ta kula da su, su sa wando dogo da hijabi madaidaici wanda ba zai harɗe su ba. A gida kuma tsakar gida ta isa tsallen igiya da gala-gala. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, har sau biyu, ta farko ta wuce shi, daga baya shi ya wuce ta.

Yarona sikila ne, ɗayar kuma tana da asma. In hana su?

Kar a hana, amma a yi da lura, kuma a fara jin ta bakin likitan da ke duba su. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, don haka da wuya ka samu makarantar da babu su, dole malami ya san su waye a ajinsa, iyaye don Allah ku riƙa faɗa mana, ɓoyewa ba ta taimakon yaron. Mai sikila ya sha ruwa sosai kafin wasa da lokacin wasa, ya huta duk sanda ya ji gajiya ba sai ya nemi izini ba, kar a sa shi gasar da za ta ƙure ƙarfinsa, a kiyaye shi daga tsananin zafi da tsananin sanyi, ranar da yake jin ciwo ko zazzaɓi kuma ya zauna. Mai asma inhelarta ta kasance a kusa ba a kulle a ofis ba, ta fara da ɗumama jiki a hankali, ranar da ƙura ta yi yawa ta yi nata a cikin aji. Ranar da ba za su iya ba ina ba su agogo su zama masu ƙirga lokaci, don kar su koma gefe su kaɗai suna kallo.

Waɗanne alamu ne zan gani in san akwai matsala?

Yaro ya suma yana tsakiyar gudu, ko ya ce ƙirjinsa na ciwo duk sanda ya motsa, ko ya riƙa haki fiye da sa'o'insa a ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ko leɓensa da harshensa su yi shuɗi-shuɗi, ko ƙafafunsa su kumbura, ko ya ce zuciyarsa na fizga alhali yana zaune. Ko ɗaya aka gani a dakatar da shi a kai shi asibiti, kar a ce ragwanci ne, kar kuma a tsaya a kan shafa ruwa a fuska. Haka idan a dangi an taɓa samun matashi ya faɗi ya rasu farat ɗaya, a gaya wa likita.

Sai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, ciwon maƙogwaro mai zuwa da zazzaɓi. Akwai wata ƙwayar cuta da idan ta kama maƙogwaron yaro ba a yi maganinta daidai ba, bayan 'yan makonni sai gaɓoɓi su fara ciwo suna kumbura, a hankali abin ya taɓa ƙofofin zuciya ya lalata su, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 15 ya fi kamawa. A kai yaro a duba shi, in an rubuta magani a shanye shi duka ko da ya ji sauƙi, a daina kai yara ana yanke musu beli saboda ciwon wuya.

Kuma samun matsalar zuciya ba shi ne ƙarshen yaro ba. Nwankwo Kanu bayan ya ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 aka gano yana da matsala a ƙofar zuciya, aka yi masa tiyata a Amurka, ya dawo ya buga wa Arsenal, ya kuma kafa gidauniyar da ke taimaka wa yara masu ciwon zuciya.

Lokacin zafi da hunturu da azumi fa?

Daga Maris zuwa Mayu a yi da sassafe ko a inuwa, kowa da gorar ruwansa, kuma maganar da ake yi cewa kar a sha ruwa ana haki a bar ta, yaro ya kurɓa kaɗan-kaɗan. Da hunturu in hazo ya yi kauri a rage gudu a waje. Da azumi yaran da ke gwada yi ba na sa su gudu, miƙe-miƙe da tafiya kawai, sauran wasan sai bayan an sha ruwa.

Malam, ni da tsallen kwaɗo nake horon masu makara, ai shi ma motsa jiki ne ko?

Don Allah abokin aikina a daina. Yaron da aka sa tsallen kwaɗo ko kamun kunne ko zagaye fili a rana saboda ya yi laifi, abin da ya koya shi ne gudu azaba ce, kuma da wannan tunanin zai girma. Ka ga mun rushe da hannun hagu abin da muka gina da dama. Ga haɗari kuma, ba ka san wane ne sikila ba, ba ka san wanda ya fito gida bai karya ba. Haka ma hana yaro fita burek saboda bai yi aikin gida ba, sau da yawa yaron da ya fi rashin natsuwa a aji shi ya fi buƙatar fitar. Sannan a tsawatar a kan tsokanar yaro mai jiki, da zarar an yi masa dariya sau ɗaya a fili ba zai sake yarda ya fito ba, ni ina sa ido a kan wannan fiye da komai.

Ba ɓata lokacin karatu ba ne? Jarrabawa ta matso.

Darasin yana cikin manhaja, yana kan jadawali, amma shi ake fara cinyewa a ba lissafi ko Turanci. Abin da na gani da idona shi ne yaran da suka fita suka dawo sun fi sauraro, hamma da gyangyaɗi suna raguwa. Kuma ai ƙirga bugun nan da ninkawa da zana jadawalin lambobi uku lissafi ne, rubuta abin da aka ji a jiki kuma insha'i ne.

Mu iyaye me za mu yi a gida?

Ku ce yaro ya koya muku abin da ya koyo, ku miƙa masa hannu ya nemo bugunku ya ƙirga ya rubuta, ya gwada da nasa da na ƙaninsa. Inda masallaci ko Islamiyya ko shago ke kusa kuma hanya da aminci, a tafi da ƙafa tare maimakon hawa babur. Waya da talabijin a sa musu lokaci, lemon kwalba da alewa su zama na jefi-jefi, a rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya, kuma duk mai shan sigari kar ya sha a ɗakin da yara suke.

Ranar 29 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar zuciya ta duniya, kuma tana faɗowa makonni kaɗan bayan an koma zangon farko. Mu a ranar muke gayyato iyaye, a yi langa da gaɗa da tsallen igiya, 'yan aji shida su zauna a teburi da agogo suna auna bugun duk wanda ya zo, in an samu ma'aikacin lafiya daga asibitin unguwa ya zo da abin awon jini ya duba manya. Duk makarantar da ke son yi ta fara shiri tun satin farko na komawa, don masu awon jinin sai an sanar da su da wuri.